Ta Bakwai Ba Ta Tafi Ba

A ofishinmu na kula da yara, tebur takwas ne, ma'aikata uku. Ni ne direba. Sabon ma'aikaci ya zo, ya yi wata shida, ya haɗa jakarsa, har na daina wahalar riƙe sunaye.

Amma akwai wata mata da ta daɗe a ofishin; ita da buga takardu ta fara. Ta koma karatu da 'ya'ya huɗu a gabanta, ta zama jami'a furfura ta riga ta fito. Fayil na farko da aka danƙa mata na wata yarinya ne 'yar shekara tara, da ke gidan riƙo tun rasuwar uwarta. Kakarta na son ɗaukar ta, alƙali kuma ya ce sai ya ji daga bakin yarinyar. Jami'ai shida sun riƙe fayil ɗin. Kowa ya sa ta faro labari daga tushe, sannan ya bar aiki. Sai yarinya ta kulle bakinta.

Ranar da na kai ta su haɗu, yarinyar ta dube ta sama da ƙasa.

"Ke ce ta bakwai. Yaushe za ki tafi?"

"Da wannan gwiwar? 'Yata, tashi ma sai an ja ni."

Sunan Ta Bakwai ya bi ta har ofis.

Ba ta tambayi yarinyar komai ba. Duk Talata mu je, ta zauna a benci, ta duba mata aikin makaranta, mu juyo. Wata biyar muna haka. Na ce mata mai kawai muke ƙonawa. Ta ce, "Kai dai riƙe sitiyarinka."

Saura wata biyu a zauna a kotu, takarda ta zo: an ɗaga ta zuwa hedikwata, ofis mai sanyi, ba yawo.

"Inna, ki karɓa, kin gaji," in ji shugabanmu.

"Wa zai riƙe yarinyar?"

"Za a turo wani."

"Yaushe? Teburan nan biyar ma turowa ake yi."

Mijinta ya same ni a bakin ƙofa, ya ce, "Direba, ka taɓa ganin wanda aka ba inuwa ya ce rana yake so? Ga ta nan, ni na aura."

Ta mayar da takardar, Talata muka tafi kamar kullum.

Ranar kotu ina waje, ban ji abin da aka faɗa ba. Na dai ga sun fito su uku, kakar tana share ido da gefen mayafi, ƙullin kayan yarinyar a hannunta.

A mota yarinyar ta ɓalle da surutu: malaminsu, haƙorinta da ke girgiɗi, wace katifa za ta kwana a kai.

Kakar ta ce, "Wannan ce aka ce ba ta magana? Na shiga uku!"

Muka sauke su a ƙofar gidan kakar. Ta Bakwai ta cire takalmi, ta miƙe ƙafa, ta jawo wani fayil.

"Direba, juya hagu. Akwai wasu tagwaye suna jira."