Gwajin da na yi wa mai jego

A shekararmu ta biyu a jami'a malamin ƙididdiga ya daina karɓar aikin gida a takarda. Komai ya koma kan wani shafi na intanet: kowa da lambarsa ta sirri, duk Alhamis da azahar gwaji ya buɗe, tambayoyi goma, minti ashirin, agogo na raguwa a saman waya. Kuma alƙaluman da za a ba ka daban suke da na maƙwabcinka. Tun daga Laraba nake rasa sukuni. In caja waya, in duba data, in sake dubawa.

Ɗaki ɗaya muke da wata ƙawata a unguwar Gesse, gidan ƙanwar babana. 'Yar Argungu ce, mijinta na aiki a kudu, ga ta da tsohon ciki. Ta fi ni gane lissafi nesa ba kusa ba. Da watanta ya kama ta tafi gida wajen mahaifiyarta, tana yin gwajin daga can.

Wata Alhamis da hantsi ta kira ni, muryarta na yankewa. Naƙuda ta taso, suna hanyar asibiti. Ta karanto mini lambar sirrinta sau biyu.

"Ki yi min na yau, don Allah," ta ce. "Wanga malami ba shi jin uzuri."

Ban yi gardama ba. Na zauna ƙarƙashin dalbejiyar bayan ajinmu, inda sabis ya fi ƙarfi, na yi nawa, na sami biyar. Na fita, na shiga da lambarta. Tambayoyin iri ɗaya ne, alƙaluma kawai suka canja, kuma na riga na ga inda na yi kuskure. Ta sami tara. Da la'asar aka aiko cewa ta haifi mace.

Ranar Litinin malamin ya shigo, ya ajiye jakarsa, ya ce kafin a fara karatu yana da magana. Shugaban aji ya kai masa labarin cewa wata ɗaliba ta haihu ranar Alhamis, shi kuma har ya yi niyyar ɗage mata gwajin. Da ya buɗe shafin sai ya tarar ta yi, a daidai lokacin da take ɗakin haihuwa. Wasu suka yi dariya. Shi bai yi ba. Ya ce shafin na nuna wayar da aka shiga da ita, kuma ya ba mai wayar mako guda ya kawo kansa.

Makon nan ban zauna wuri ɗaya ba. In ɗauki littafi in ajiye. Na share ɗaki sau uku a yini. Na je bakin ofishinsa sau biyu, na juyo. Gwaggona ta tambaye ni ko zazzaɓi nake, na ce a'a. Na tambayi wani ɗan ajinmu ko da gaske shafin na gane waya, ya ce bai sani ba, amma ya kalle ni kallon da ya sa na yi nadamar tambayar.

Ranar suna ta faɗo Alhamis. Na yi gwajina a cikin mota kan hanyar Argungu, sabis na zuwa yana ɗaukewa, ban ma kai tambaya ta bakwai ba lokaci ya ƙare. Na tarar da gidan cike da mata, ana ta raba shinkafa da kifi. Sai da ɗakin ya ragu na gaya mata. Ta kalli jaririyar, sannan ta ce a ba ta wayarta ta kira malamin. Na riƙe hannunta, na ce ni zan je wajensa.

Washegari na shiga ofishin. Ya bar ni a tsaye har na gama bayani. Ya tambaye ni nawa na ci a nawa gwajin, na ce biyar.

"Kin samo wa wata tara, ke kin tsaya a biyar," ya ce. "Ashe kina iyawa in kin natsu."

Ya soke mana makin wancan gwajin mu biyun, ya ce ba zai kai maganar gaba ba. Ita kuma in ta yi arba'in ta zo ta rubuta a takarda a gabansa.

Ta zo da goyonta. Ni na riƙe jaririyar a baranda, ina kai da kawowa don kada ta yi kuka, har uwar ta fito. Ba ta koma Gesse ba, daga Argungu ta riƙa zuwa har muka gama zangon. Ni kuwa na ci darasin da ƙyar, da maki biyu a kan iyaka.