Darasin da Kawu Ya Ƙi Wucewa

Kawuna ya dawo garinmu Jugu a shekarar da aka kori baƙi daga Gana. Fataucin goro ne ya kai kakanninmu can, shi kuwa malamin makaranta ya zama a Kumasi. Da akwatin ƙarfe guda ya sauko daga mota. Matarsa 'yar ƙasar ce, danginta suka hana ta biyo shi, suka kuma riƙe 'yarsu, wadda aka ce sa'ata ce.

To, a Jugu wa ke neman Ingilishi? A lakwal, wato makarantar boko, Faransanci ake yi, a kasuwa kuwa yaren Dendi da Hausa. Sai ya kama ni. Kullum bayan la'asar ya zauna a zaure da gawayi a hannu, ya ƙwala kira: "Uwata, zo ki ɗaura wutsiya!" Haka yake ce wa ɗan guntun da ake liƙa wa kalmar aiki ta koma suna. Ya rubuta move a bango, in ƙara ment. Ya rubuta teach, in ƙara er, ya bugi ƙirjinsa ya ce, "Ni ke nan."

Damina ta wuce, rani ya zo, muna nan a kan wutsiya. Bangon zaure ya yi baƙi ƙirin, Inna na ta mita. Ni ma na ƙosa, kuma tun ina yarinya bakina ba ya shiru. Na ce, "Haba Kawu! Wannan Turanci duk wutsiya ne, ba shi da kai?"

Ya yi 'yar dariya, ya daɗe yana juya gawayin. "A nan muka tsaya da 'yata ranar da aka ce mu fita. Ki jira ta zo ku wuce tare. Ba na so ki riga ta, ta ji kunya."

Wallahi tausayinsa ya kama ni, ban ƙara ƙorafi ba.

Shekaru suka ja, ba ta zo ba. Aka tura ni kwaleji a Paraku. Da malamin Ingilishi ya iso wannan darasi na yi ta ɗaga hannu har ya gaji da ni, amma kafin mako ya zagayo mun shige gaba abinmu.

Da na zo hutu na tarar da Kawu a zaure, ya rame, ya yi furfura. Ya tambaye ni ko an yi mana wutsiya. Na ce an yi, ni na fi kowa.

"Kuna kai har yanzu?"

"A'a Kawu, mun wuce tuni."

Ya dube ni daga sama har ƙasa, kamar ranar ya fara lura na kusa kamo Inna tsawo. Idanunsa suka ciko.

"Ashe ita ma ta wuce," ya ce. "Wani ne ya koya mata sauran."