Sanyin da Warwick Ya Ara

Warwick Dunstan bai taɓa barin inji yadda ya same shi ba. Tun muna makaranta ya kwance taraktar mahaifinsa ya ƙara mata gudu, ta ɗan yi ta falfala a gona, sannan ta buga. Ya yi aiki a kamfanin madara ya bari, ya tuƙa babbar mota ya bari. Daga baya ya kama sana'ar sa wa shanu iri. Yana yawo gona-gona a nan Gippsland da tulun ƙarfe a bayan mota, cikinsa maniyyin bijimai a daskare cikin siraran tsinkaye, an nutsa su a ruwan naitirojin mai tsananin sanyi. Idan ruwan ya ƙafe, irin ya mutu.

Ni ne akawun shagon ƙungiyar manoma, ta hannuna ruwan ke bi. Mota kan kawo shi ranar Litinin, kowa ya zo ya cika tulunsa. Warwick ya fi kowa saye, kuma ba don shanu kaɗai ba.

A rumfar bayan gidansa yana da kwamfuta a buɗe, ba murfi. Yakan shafe allon cikinta da man basilin saboda raɓa, ya ɗora kofin jan ƙarfe a kan ƙwaƙwalwarta, ya riƙa tsiyaya ruwan daga fulas don kada ta yi zafi, yana ƙara mata gudu fiye da abin da masu ƙera ta suka yanka mata. Ita da ma'ajiyar bayananta duka yake matsa wa. Sai ta sume, ya tashe ta, ya sake ƙarawa. Ba ya wani aiki da ita. Lambar gudun kawai yake nema, ya aika wa abokan gasarsa a intanet. Ko shayi ya zo sha a shagonmu, a tsaye yake sha, ƙafa tana kaɗawa.

Yayarsa Glenys tana da garken shanun madara a ƙetaren kogi. Mijinta ya rasu, bijimin da ya yi shekaru yana zaɓen jininsa shi ma ya mutu. Abin da ya rage na wannan jini 'yan tsinkaye ne a tulunta, Warwick ke kula da shi.

Wata Asabar ana gab da rufe gasa ruwansa ya ƙare. Ya je gonar yayarsa ya juye rabin nata, ya sake komawa ya ƙara, da niyyar mayarwa Litinin. Lahadi aka kece da ruwan sama. Kogi ya hau gada, motar naitirojin ba ta zo ba, Talata ma haka.

Laraba da hantsi sai ga su sun ƙetaro a ƙaramin jirgin kamun kifi, tulun a tsakaninsu, suka ɗauko shi zuwa shago.

"Colin, ka taimaka," Warwick ya ce da ni. "Ko na ƙasan tanki ne."

"Tambaye shi ina nawa ya tafi," in ji Glenys. "Faɗa masa mana, injiniya."

"Yaya, na ce zan mayar."

"Da me? Da ruwan kogi?"

Na zura baƙar sandar awo a tulun, na zaro na kaɗa ta a iska. Inda ruwa ya taɓa ne kan yi farin ƙanƙara. Ta fito baƙa daga sama har ƙasa.

"Akwai sauran sanyi a ciki," in ji Warwick. "Sa hannu ki ji tururin."

"Kai ka sa kanka, ko ya huce."

Ɗan abin da ya kwanta a tankinmu muka tatsa muka zuba. Tulun ya yi ta tafasa yana huci, alamar cikinsa ya fara ɗumi. Warwick ya kasa tsayawa wuri ɗaya, ya leƙa, ya fita, ya dawo ya sake leƙawa.

"To ka ci gasar?" Glenys ta tambaye shi.

"Na zo na huɗu."

"Na huɗu," ta maimaita, tana kallon tulun.

Da ruwan kogi ya janye, likitar dabbobi ta narkar da tsinke ɗaya ta duba a madubin awo. Ta ce ƙwayoyin irin kaɗan ne ke motsi, kuma ba za su ƙara ƙarfi da jira ba. Glenys ta yanke shawarar amfani da su duka a wannan kakar, amma wani ta kira daga garin maƙwabta ya yi aikin. Ta karɓe makullin rumfar da take ajiye tulunta daga hannun ƙanenta.

Saniya ɗaya ce ta ɗauka, ta haifi namiji. Glenys ba ta fiɗiye shi ba, tana renonsa ya zama bijimi. Warwick har yau yana cika tulu biyu ranar Litinin, na shanu da na kwamfuta, rumfarsa tana tururi. Yakan tsayar da mota a bakin shingen yayarsa ya kalli ɗan maraƙin, injin a kunne, sannan ya wuce. Ba ta ce ya shigo ba tukuna.