Issaka Wanzami da Mutanen Wutsiyar Tauraruwa

Issaka wanzami ne, kuma ba wani gwanin wanzami ba, in gaya muku gaskiya. Gajere ne mai tafiyar agwagwa, zabirarsa duk faci. Daga Salaga ta ƙasar Gonja ya gangaro Kumasi a bayan wani ayarin goro, ya samu ɗaki a Zango, unguwar Hausawa, kusa da namu, ya zauna har ya mutu. Bai tara komai ba. Amma abin da na yi shekaru ina nema a wurin mahaifina, shi a tsaye ya same shi, da aska a hannu.

Mahaifina, Awudu Jagaba, shi ke nuna wa fatake hanya tsakanin Kano da Gonja, da taurari yake gane gabas. Da jirgin ƙasa ya fara kwashe goro zuwa bakin teku, ayari ya ja baya, idonsa ma ya tafi. Mu uku ya haifa. Yayyena biyu, Muniru da Sulemana, suka haɗa jari suka wuce Ikko. Ni Rafi'u aka bari. Ni ke dama masa koko, ni ke kai shi bayan gida, ni ke jansa masallaci. Kullum zancensa Muniru da Sulemana. Ni kuwa iyakata, "Kai, ina buta?"

Ranar Juma'a da hantsi Issaka ke zuwa yi masa aski. A shekarar da tauraruwa mai wutsiya ta fito, Zango duk ya ruɗe, masu sadaka na yi, masu kuka na yi. Baba ya ce, "Issaka, ni ba na gani. Yaya take?"

Maimakon ya ce fara ce doguwa ya yi shiru kamar kowa, sai wannan ɗan tahalikin ya ce, "Baba Jagaba, ai ayari ne. Akwai mutane a wutsiyar."

Ƙarya tsagwaronta! Amma sai na ga Baba ya gyara zama.

Tun daga ranar, kowace Juma'a da sabon labari. Wai sunansu Maƙirga, yatsu shida gare su a kowane hannu. Ba su da magana sai lissafi. In biyu suka haɗu, ɗaya ya faɗi adadi, ɗayan ya mayar masa da rabinsa, gaisuwa ta ƙare ke nan. Ba sa iya ƙarya, domin ƙarya ba ta rabuwa daidai. Ba sa fushi. In ka ɓata musu rai sai su ce, "Bai cika ba," su juya. Wai yawon da suke yi a sama, taurari suke ƙirgawa, su tabbata babu wadda ta ɓace.

Baba ya riƙa gardama da shi. "A'a, Issaka! In daga gabas suka taso, dole su yada zango wajen Gamzaki." Issaka ya ce, "Ashe Baba ya san su." Sai Baba ya tuntsire da dariya har da tari. Ni tunda nake ban taɓa jin dariyar nan ba. Ina tsugune ina wanke masa riga. Kishi nake, ba na ɓoyewa. Gashin tsohon ma ya ƙare, ƙoƙon kai kawai ake karta, amma ranar Alhamis tun da rana zai fara tambaya, "Gobe Juma'a ko?"

Sau ɗaya na gwada sa baki. Na ce, "To me suke ci?" Baba ya ce, "Kai, ruwan askin ya huce, je ka ɗumamo."

Tauraruwar ta daɗe da tafiya, labarin bai tafi ba. Wata Juma'a Issaka ya ce Maƙirga tagwaye ake haifarsu, kowa da abokin rabonsa, tare suke tashi, tare suke fita duniya. To rannan sai wata ta haifi uku. Gari ya tsaya cik, domin uku ba ta rabuwa biyu. Suka sa wa na ukun suna Saura. Baba ya ce, "Sai suka yi yaya da shi?" Issaka ya goge aska a tafin hannu ya ce, "Sai wani askin, Baba."

Kafin wani askin ciwo ya kwantar da Baba. Na tallafe shi, na yi ta ba shi ruwa a ludayi. Ranar Laraba da azahar ya buɗe baki, na kara kunne, ina cewa yau kam zai kira sunana. Ya ce, "Kira min Issaka."

Na tafi na kira shi. Issaka ya zo babu zabira, ya durƙusa. Baba ya ce, "Saura fa?"

Issaka ya dube ni, sannan ya ce, "Sun rasa inda za su sa shi, Baba, sai ya zauna wurin tsohonsu. Tagwayen suka tafi ƙirgar taurari, shi ya zama idon tsohon da ƙafarsa. Kullum tsohon na lissafa 'ya'yansa sai ya ce biyu. Mutane suka ce, bai cika ba. Ya ce, ya cika. Wancan a jikina nake ƙirga shi."

 Baba ya ɗaga hannu yana laluben iska, har ya samu kaina. Ya shafa, ya sake shafawa, ya ce, "Rafi'u, gashinka ya taru." Bai ƙara magana ba har la'asar, da ya cika.

Issaka ya rayu bayansa da daɗewa, yana karta kawunan Zango. Bai ƙara yi wa kowa zancen Maƙirga ba. Ni ma ya yi ta yi min aski, ina sunkuye ina jin haushinsa. Hannun ubana sau ɗaya ya sauka a kaina, shi ma sai da Issaka ya nuna masa hanya.