Ranar da Inna Ta Kira Sunan Yaya Haruna

A kakar tsinkar auduga ta shekarar da na shiga aji uku, wata Laraba da la'asar, lorin Yaya Haruna ya shigo ƙauyenmu yana tangaɗi kamar jakin da aka yi wa lodi gefe guda. Muna carafke a bakin tur'a, magudanar da ke shayar da gonakin Jazira, muka watsar da duwatsu muka bi shi a guje. Bai tsaya ba sai da ya kwantar mana da dangar gida. Ya sauko yana dariya, idanu jawur, yana raba mana alewa. Da ya ɗaga ni sama, wani wari mai kaifi ya buge ni. Sai daga baya na san sunansa aragi, barasar dabino.

Yaya shi ne ɗan fari a ɗakinmu, kuma a wurinmu uwa kunyar ɗan fari take yi. Tun yaye aka miƙa shi ga Goggo Hajo, ƙanwar Babanmu marigayi. Inna ba ta faɗar sunansa, sai dai "mai lori". In ya shigo ta ja mayafi ta shige madafa, tuwonsa ma ni take bai wa in kai. Amma wankinsa ita ke yi, ita ke zazzage aljihu ta ga ganyen bango, wato wiwi, da ƙwayoyin hana barci. Aikin nasu kuwa ba na mutum ba ne. Yau auduga zuwa Hasahisa, gobe dawa daga Damazin zuwa Sinnar, ba kwalta, masu kaya suna azalzala. Sai direba ya haɗiyi ƙwaya don ido ya buɗe, ya kora da aragi don ciwon baya ya lafa.

Inna ta san ɗanta zai hallaka, ga shi bakinta a ɗaure. Ta je ta sami Goggo, Goggo ta ce, "Wane direba ne ba ya taɓawa? Ki bar min ɗana." Ta aika wa kawunnanmu, suka ce sai addu'a. Wallahi har yau ina jin haushinsu! Maza da gemu, suna shan shayin da ya kawo musu, an rasa mai buɗe baki.

Washegarin zuwan nasa ranar kasuwa ce. Mata da yara suka ɗare bisa buhuna, don in lorin ɗan gari na nan ba a hawa na baƙo, cin fuska ne. Yaya ya fito yana haɗa hanya, wuyan kwalba na leƙowa daga aljihun jallabiya. Kowa ya gani, kowa ya kau da kai. Ya tada mota ke nan sai ga Inna, hannu duk ƙullun kisra, wainar dawar da muke ci, ta tsaya a gaban lorin, ta dube shi ido cikin ido.

"Haruna, sauko."

Ya kashe mota, ya sauko kansa a ƙasa, ya wuce ta bayan gari. Mutane suka sauka ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya ce mata sannu. Kafin azahar zancen ya zaga rijiya da masallaci, ba zancen mai shan aragi ba, zancen matar da ta kira sunan ɗan fari a bainar jama'a.

Yaya bai sake kawo lori gida ba. Sukari da ganyen shayi dai suna zuwa ta hannun abokansa. Da damina ta kankama, aka zo da labarin cewa motar ta kife da shi tsakanin Sinja da Damazin, can aka binne shi. Tabarmin makoki a ƙofar Goggo aka shimfiɗa, ita ta yi kuka, ita aka yi ta bai wa haƙuri. Inna tana madafa tana tuƙa wa baƙi tuwo, don ba a ganin hawayen uwa a kan ɗan fari. Sau ɗaya tak ta yi min zancen, muna cirar ciyawa a gona, ba ta ko ɗago ba: "Da tun ranar da na fara jin warin nan na yi magana."

Yanzu hanyar ta sha kwalta, manyan motoci na wucewa kamar iska, jikokina sun ce ƙwayar ma ta fi ta da yawa. Ina jin uwaye a waya suna kiran ɗan fari gatsau, suna yi masa faɗa, tsofaffi na cewa zamani ya lalace. Ina kewar ladabin wancan lokaci, ba ƙarya, amma ba na sa musu baki. Har Inna ta koma ga Allah, ba wanda ya yi mata ta'aziyyar ɗanta.