Igiyar da Aka Ɗaura wa Itace a Japan

Baba ya yarda in karanci tarihi da al'adun Japan a jami'a ne don kayan babur yake sayarwa a kasuwar Dogon Dutsi. A wurinsa mutanen Japan maƙera ne, ba ruwansu da camfi. Ban taɓa gyara masa ba.

Da na zo hutu, ina bita a tsakar gida bayan la'asar, sai Kaka, mahaifiyarsa, ta leƙo littafina. Shekaru ke nan da Baba ya ƙone mata kayan bori, ya hana a ambaci iskoki a gidan. A shafin akwai hoton wani tsohon itace, an ɗaura masa igiya mai kauri a gindi.

Ta ɗora yatsa a kai ta ce, "Wanga icce da mai shi. Doguwa ce?"

Baba na kan tabarma yana jin mu. Ya kashe rediyo.

Ya ce mini, "Ke, gaya mata ado ne."

Raina ya ɓaci. Wata uku na yi ina karatu kan wannan igiya, yanzu ƙarya zai sa ni?

Na ce, "Baba, ba ado ba ne. Sun ce akwai mai zama ciki. Har abinci suke kai masa."

"Masu ƙera mota?"

"Su fa."

Kaka ta gyara zama, ta dubi Baba, ta ce, "To su, ɗiyansu ba su da ashana ne?"