Haruffan Kawu Masu Takalmi

Kawuna, ƙanen Umma, shekara talatin ya yi yana rubuta allunan shaguna. Ko ba ka san shi ba, ka san hannunsa. Haruffansa gajeru ne masu kauri, kowanne da faffaɗan gindi mai kusurwa huɗu, wanda yake kira takalmi. "Harafi ba takalmi ai tsirara yake," in ji shi. Daga cikin mota a guje kana karanta su. Masu sayar da taya da masu walda rububinsa suke yi. Wata mai gyaran gashi ta taɓa roƙonsa ya ɗan sirantar mata da nata, ya ce ta nemi wani, shi ba ya rubutun yunwa.

Da injin buga allo ya shigo gari, aiki ya ɗauke masa cak. Watanni ya yi yana zaune a ƙofar shagon ɗinkin Umma, yana shan shayinta yana zagin kwamfuta. Daga baya hukumar tsara gari ta ɗauke shi, wai rubutunsa yana da kwarjini. Kalma biyu kawai yake rubuta musu, da jan fenti, a bangon duk ginin da za a rushe: A TASHI.

Ba mu ga laifinsa ba, don 'ya'ya shida gare shi. Har aka zo faɗaɗa titinmu, layin da aka shata ya bi ta kan shagon Umma, inda ta shekara ashirin da biyu tana ciyar da mu da keken ɗinki ɗaya.

Ranar wata Talata da hantsi ya iso da bokitin fenti, jami'ai biyu na bayansa.

"Yaya, ina kwana," ya ce, idonsa a ƙasa.

"Lafiya lau. Kai suka turo?"

"Ko ban rubuta ba, wani zai rubuta, Yaya."

"To, yi aikinka."

Ina tsaye da almakashi a hannu. Na ɗauka zai shafa ne ya wuce, kamar wanda ake kora. Ina! Kawu ya ciro rula da alli, ya ja layi biyu a bango. Ya auna tazarar kowane harafi. Ya cika kaurinsu har sau biyu, ya koma yana daidaita takalman da ƙaramin buroshi, harshensa a gefen baki yadda ya saba. Fenti ya ɗan gangaro a ƙasan T, ya goge da bakin rigarsa. Minti arba'in cur. Jami'an ma sai da suka gaji suka koma inuwa. A duk layin babu bangon da ya samu rubutu mai kyan namu, kuma har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Bayan sati uku aka rushe shagon. Umma ta koma ɗinki a tsakar gida, rabin masu kawo mata kaya ba su biyo ta ba. Kawu ya yi ta turo mutane su ba ta haƙuri. Da ya gaji ya zo da kansa, ya durƙusa a bakin ƙofa.

"Yaya, umarni aka ba ni. Ki yafe mini."

Umma ba ta tsayar da keken ba.

"Ban riƙe ka a zuciya don ka rubuta ba," ta ce. "Hannunka nake kallo tun farko har ƙarshe. Da ya yi rawa ko sau ɗaya, da tuni na yafe."